Bindigar da ba ta harbi: littafin aikin samfurin katako

13 ga Oktoba 2024

Na buɗe wannan kaye ne don kada aikin ya watse mini a kai. Abin da na sa gaba shi ne in sassaƙa kayan cikin bindigar ƙanƙara, wato mai kunna albarushi da dutsen ƙyastu, da itace, in ninka girmansu sau uku, in kafa su a jikin allo yadda mutum zai ga motsin kowane yanki da idonsa. Ba bututu, ba ƙota, ba albarushi. 'Yan guntayen nan kawai da ke liƙe a gefen bindiga, waɗanda ke aiki daga lokacin da yatsa ya taɓa kunama zuwa lokacin da kunne ya ji ƙara.

Kimiyya nake koyarwa a wata kwalej a nan Damagaram, wato Zinder, kuma darasin sifirin da na sandar ɗaga nauyi kullum a kan allo yake mutuwa. Ka ja layi, ka sa kibiya, yara su kwafa, su fita yadda suka shigo. Alhali babu yaron garin nan da bai taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla ba, ya ga 'yan bindiga sun turnuƙe wuri da hayaƙi. Tambaye su abin da ya faru a cikin bindigar, sai su ce maka wuta ce ta tashi. Daga ina? Kowa ya sunkuyar da kai.

17 ga Oktoba

Na shiga kasuwar Dole neman kaya. Allon da zan kafa komai a kai na same shi wurin masu katako, mai shi ya ce jikka uku, muka rabu a biyu da rabi. Sassa masu motsi kuwa da aduwa zan yi su, itacen da masu sassaƙa allon karatu suka riƙe tun kaka da kakanni saboda laushin fuskarsa da rashin saurin tsagewa. Inda itace zai riƙa gogar itace zan sa ƙirya. Na haɗa da ƙusoshi masu kan goro, da sanfefa, da ƙaramin zarto.

Da dare na zana sassan a kwali. Akwai mariƙin ƙanƙara, wanda ake ja baya da babban yatsa. A bayansa, kan sanda ɗaya da shi, akwai wani ɗan faifai mai tsaga biyu a gefensa. Babban sifirin yana danne da faifan nan, kullum so yake ya juya shi gaba. Abin da ke hana shi shi ne wani ɗan harshe da na sa wa suna makari a zanena, mai shiga cikin tsagar ya toshe. Kunama aikinta ɗaya, ta ɗaga makarin. A gaba kuma ga 'yar kaskon albarushi da murfinta na ƙarfe mai tsayayyar fuska, inda ƙanƙara ke sauka.

26 ga Oktoba

Na je wurin wani tsohon maƙeri a bayan Birni, tsohuwar unguwar fada. Mahaifinsa ne ke gyara wa mafarauta bindigogi a da, shi kuwa yanzu lauje da fartanya da gatari ne cinikinsa. Na same shi yaro na ja masa zugazugi. Bayan gaisuwa na shimfiɗa kwalin a gabansa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, kai da alli, me ya haɗa ka da bindiga?"

Na ce, "Baba, ta itace ce, ko sauro ba za ta kashe ba. Yara nake son su ga yadda cikin ke aiki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To ai tarko za ka yi. Wanda ya iya ɗana tarkon gafiya ya san rabin bindiga. Ka tanƙwaro abu mai ƙarfi, ka sa ƙaramin tsinke ya riƙe shi, ka jira mai taɓa tsinken. Sauran duk ado ne."

Ban ce ado ba ne duka, amma tsohon ya kama bakin zaren. Mutane hankalinsu kan wuta da ƙara yake tafiya. Gwanintar kuwa tana wurin riƙe ƙarfi a sake shi daidai lokacin da aka so, ba kafin nan ba.

Sai ya sa hannu cikin wata tsohuwar jakar fata ya ciro ƙyastu da ɗan dutsen ƙanƙara, bakinsa ya sha duka har ya yi fari. Na roƙe shi ya ƙyasta a kan farar takarda da na yago daga kayena. Tartsatsi ya zubo, ya mutu, ya bar wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo ƙanana a kan takardar. Na ciro maganaɗisun da na cire daga lalatacciyar rediyo na kara, sai ga su sun tashi sun manne. Ƙarfe ne. Ƙanƙara ta fi ƙarfen tauri, don haka idan kaifinta ya gogi fuskarsa sai ya kankaro ɓarɓashi, zafin gugar ya kunna ɓarɓashin ya ci a iska. Dutsen ba ya bada wuta, aski kawai yake yi. Tsohon ya ce shi ya sa mahaifinsa kan ƙi murfin da aka yi da ƙarfe mai laushi, don irin wannan sai dai dutse ya nutse a cikinsa, tartsatsi kaɗan. Sai wanda ya sha wuta aka tsoma shi a ruwa ya yi tauri.

Wannan gwajin na takarda da maganaɗisu zai shiga aji ko da samfurin bai ƙare ba.

3 ga Nuwamba

Makon nan karatu ya fi sassaƙa yawa. A ƙarni na 15 Turawa da lagwani mai ci suke kunna bindiga: kunama ta sauko da bakin lagwanin cikin kasko. Iska ta kashe shi, ruwa ya kashe shi, da dare kuma ya tona asirin mai shi. Wajen 1500 aka fito da mai wili, wadda ake ɗaure wa sifirin da mabuɗi, wilin ya juya ya gogi dutse. Tana aiki, sai dai tsada da yawan sassa sun sa ta tsaya hannun masu hali. A farkon ƙarni na 17 ne a Faransa aka daidaita irin wadda nake kwaikwayo, kuma sunan da aka fi jinginawa aikin shi ne Marin le Bourgeoys. Hikimarta ita ce haɗa murfin kasko da ƙarfen ƙyasta suka zama yanki ɗaya. Bugu ɗaya ya fitar da tartsatsi, shi ne kuma ya buɗe kaskon. Ta yi shekara wajen 200 tana mulki a fagen yaƙi, har wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabararsa a 1807 ta kunna albarushi da sinadarin da ke fashewa idan an buge shi. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan hancin bindiga.

Amma a nahiyarmu bindigar ƙanƙara ta daɗe bayan Turawa sun ajiye ta. Masana'antun Birmingham a Ingila da na Liyej a Beljiyam sun ci gaba da ƙera ta don kasuwar Afirka, masu fasa dutse na garin Brandon a Ingila kuma suna aiko da ƙanƙararta har cikin ƙarni na 20. Na sha jin ana kiran wannan ci baya. Ni ban gan shi haka ba. Mutumin da ke tsakiyar ƙasa, wanda kayansa sai sun keto Sahara daga Tarabulus ta Gat da Agadas a bayan raƙumi, bindigar da maƙerin unguwa zai gyara da magagari ta fi masa wadda ke jiran harsashin kamfani.

Kuma a nan garin aka fi fahimtar haka. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulkinsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, bai tsaya sayen bindiga kawai ba. A zamaninsa an zuba igwa a Zinder, an haɗa albarushi a Zinder, ga ganuwar Birni da ya kewaye gari da ita. Ƙarfin da Damagaram ta yi a kan maƙwabtanta da hannun maƙera a ciki, ko da yake maroƙa sarakuna da barade suke wasawa. Iyakar wannan ƙarfin ta bayyana a Tirmini, kusa da Zinder, a ƙarshen Yulin 1899, lokacin da rundunar Faransa ta karya ta Sarki Amadu Kuran Daga. Ƙwararren mai bindigar ƙanƙara sau biyu ko uku zai harba a minti ɗaya, yana tsaye yana ɗura ta baki. Bindigogin sojan Faransa na lokacin, Gras ta 1874 da Lebel ta 1886, ta baya ake ɗura su, Lebel ma harsashi 8 take ɗauka a cikinta. Jarumta ba ta cike wannan giɓin.

Tun da tsohon masallacin Birni ya zube a ruwan Satumban bana nake jin cewa duk abin da ya rage na wancan zamani, ko a kan tsoho yake ko a bango, gara a ɗauke shi tun da wuri.

10 ga Nuwamba

Na yanke mariƙin ƙanƙara da faifai. Aduwa ta yi yadda ake so. Ƙurar sanfefa ta cika tsakar gida, uwargida ta ce in koma zaure da kayana. Na koma.

17 ga Nuwamba

Tsagogin nan biyu su ne aikin gaba ɗaya, kuma ba su kai faɗin farce ba ko a samfurin da aka ninka.

Ta farko ita ce ta rabin ɗani. Mai bindiga yakan ja mariƙin zuwa nan don ya samu sararin zuba albarushi a kasko ya rufe. Ana yin ta da zurfi, da leɓe a sama, yadda bakin makari zai shige ƙarƙashin leɓen ya maƙale. Ja kunama iya ƙarfinka, ba za ta ɗaga ba. Wannan ita ce kariyar bindigar, kuma idan leɓen ya cinye ko ya ɓalle, sai ta tashi a hannun mai ita yana tsakar ɗuri. Tsohon maƙerin ya ce yawancin yatsun da mafarautan da suka rasa nan suka tafi.

Ta biyu ita ce ta cikakken ɗani, ba ta da leɓe, ɗan tudu ne kawai da makari ke tokara. A nan kusurwa ke magana. Idan fuskar tsagar ta karkata ciki, jan kunama sai ya ƙara tura mariƙin baya kafin ya sake shi, wato yatsanka na kokawa da babban sifirin, kunama ta yi nauyi. Idan ta karkata waje, sifirin da kansa ke ture makarin, ka buga allon da tafin hannu kawai sai ya suɓuce. Na yanke faifai na gwaji da falle-fallen itace, kowanne da kusurwarsa, na riƙa sauya su a kan sanda ɗaya. Za ka ji bambancin a yatsa kafin ido ya gane shi. Wanda ya zauna shi ne wanda makari ke zamewa gefe ba tare da mariƙin ya motsa gaba ko baya ba, har zuwa lokacin da ya kuɓuce.

Akwai kuma wata matsala da ban ga zane ya nuna ta ba sai da itacen ya nuna mini. Idan mariƙin ya taso daga tsaga ta biyu, dole ya bi ta kan ta farko. Idan ka saki kunama da wuri, makari ya koma ya faɗa tsagar rabin ɗani, komai ya tsaya cak a tsakiya. A bindigar gaske saurin faɗuwar da riƙon yatsa su ke hana haka, masu tsada kuma akan ƙara musu wani ɗan ƙarfe mai lilo da ke tsallakar da makarin. A nawa na bar shi haka da gangan. Gara yara su ga yana maƙalewa su tambayi dalili.

Ba zan jefar da faifan gwajin ba. Zan rataye su a gefen allo, kowa ya ɗora ya gwada.

1 ga Disamba

Sifirin. Da robar tayar babur na fara, tana ja da kyau, amma ƙarya take yi wa mai kallo, don a bindigar gaske ba ja ake yi ba, ƙarfe ne aka naɗe gida biyu yana turawa. Na gwada tsohon bakin zarto, ya karye a lanƙwasar farko. Abin da ya yi shi ne siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar gwanjo. 'Yan gwanjo zubar da shi suke yi, wani ma ya yi mamakin ina so. Na haɗa falle biyu na naɗe, na ɗaure a jikin allo da ƙusa. Yanzu in ka ja mariƙin za ka ji ƙas ta farko, ka ƙara ja ka ji ta biyu, kuma ka ga hannun sifirin yana matsewa a hankali.

Ƙaramin sifirin da ke mayar da makari wurinsa, da guntun ƙarfen lema na yi shi.

8 ga Disamba

Wani saurayi da ba na unguwarmu ba ya tsaya a zaure yana kallo. Ya yaba, sannan ya ce, "Mushe, in aka bi zanen nan da ƙarfe ai za ta tashi ko?" Na ce masa zanen na aji ne, ba ya fita daga gidan nan. Ya ce wasa yake yi. Na ce ni ma na sani, muka yi sallama.

Na rubuta wannan ne don in tsaida wa kaina iyaka. Riƙe bindiga ko ƙera ta ba da izinin hukuma ba laifi ne a Nijar, har akwai hukumar ƙasa ta tattara haramtattun makamai tun 1994. Ko ba doka ma, wanda ya san abin da bindiga ke yi wa ƙauyuka a yankin Maradi da Diffa ba zai mayar da ita abin wasa ba. Shi ya sa babu bututu a allona kuma ba za a sa ba, shi ya sa na ninka girman har ba abin da zai dace da ƙotar gaske, kuma maganar haɗa albarushi ba ta cikin kayen nan. Na kuma nuna wa shugaban makarantarmu aikin tun yanzu, kada wata rana yaro ya je gida ya ce Mushe ya kawo bindiga lekol.

22 ga Disamba

Hunturu ya shiga aikin. Itacen da na yanke ƙarshen damina ya bushe ya tsuke, ramin sanda ya yi sako-sako, faifai ya fara rawa, makari yana kuskure tsaga. Na toshe ramin da guntun ƙirya na sake hudawa. Wurin guga kuma na daina sa man gyaɗa, ƙura yake kamawa ya zama laka. Bakin fensir na goga, ya fi.

12 ga Janairu 2025

Murfin kasko ya zauna. Shi ma yana da nasa sifirin a ƙasa, kuma ƙarfinsa sai an auna shi da na babban. Ya yi ƙarfi da yawa, mariƙin ya bugi murfin ya tsaya, kasko bai buɗe ba. Ya yi laushi, murfin ya tashi tun kafin a goge shi, wanda a ƙarfe yana nufin babu tartsatsi. Ana son ya yi gardama kaɗan sannan ya sallama. Ƙanƙarar katakon ma sai da na karkata bakinta, ta sauka a saman fuskar murfin ta zamo ƙasa tana kankara, ba ta doke shi kai tsaye ba.

Na shafa fenti: sifirin ja, makari da kunama shuɗi, faifai rawaya, murfi baƙi. A cikin kasko na zuba gero a madadin albarushi. Tartsatsi kuwa babu yadda itace zai ba da shi, sai na zana hanyarsa da ɗigon jan fenti daga fuskar murfi zuwa kasko, daga kasko zuwa 'yar kafar da wuta ke bi ta shiga.

23 ga Janairu

Na kai shi aji. Na fara da ƙyastu da takarda da maganaɗisu, wanda tsohon ya ara mini da sharaɗin in mayar kafin Juma'a. Sannan na yaye zanen da na rufe allon da shi. Maza suka yo gaba, kowa so yake ya ja kunama. Wata yarinya daga layin baya ita ce ta yi tambayar da nake jira: "Mushe, ya aka yi ɗan ƙaramin abin nan ya riƙe babban, kuma yatsa ɗaya ya kayar da shi?"

Maimakon in amsa, na sa aka kwantar da allon a gefen tebur, muka ɗaura zare a mariƙin, muka riƙa rataya ledar ruwa ta rabin lita har ya ja baya ya ɗanu. Leda takwas ya ci. Muka mayar da zaren kan kunama, leda ɗaya ta kayar da shi. Na ce su nemo inda sauran bakwai ɗin suka tafi. Aka yi ta gardama. Wani ya ce makari ne ya fi ƙarfi. Yarinyar ta dubi tsagar ta ce makari ba ɗaukar nauyin yake da ƙarfinsa ba, tokare yake da ƙusarsa, kunama kuma gefe kawai take zamar da shi, ga ta da dogon hannu. Darasin sandar ɗaga nauyi ke nan, na rubuta lissafin a allo bayan sun riga sun gane shi.

Faifan gwajin mai kusurwar waje shi ya fi samun kasuwa. Sai su ɗana shi, su bugi tebur, ya faɗi da kansa, aji ya kaure da ihu. Na bar su suka yi, sannan na ba su labarin yatsun mafarauta.

2 ga Fabrairu

Na mayar da ƙyastu, na kai wa tsohon goro da hoton allon a waya. Ya duba ya ce bakin makarina ya yi tsawo, zai cinye kafin damina. Zan sake shi da ƙirya, in rage shi.

Sauran aiki: fuskar allon tana buƙatar rufin roba mai garau, don yatsun yara sun fara ɓanɓare fenti, sai dai in bar kafa wurin mariƙin da kunama. Sifirin na gwanjo ya ɗan saki, zan ƙara falle na uku. Bayan haka allo na biyu, na bindigar hula. Faifai da makari da babban sifirin duk ba su canja ba, kwalayen da na riga na yanke za su yi. Kasko da murfi da sifirinsa ne za su fita, guduma ta maye gurbin mariƙin ƙanƙara. In an jera su biyu gefe da gefe, yara za su ƙirga sassan da suka ragu da kansu. Aduwar da ta rage ba za ta isa guduma ba, sai na koma Dole ranar Alhamis.